Ranar da Iyafis ɗin 'Yar Masaƙa Ya Ƙi Caji

A unguwar babu mai kiranta da wani suna in ba 'Yar Masaƙa ba, duk da cewa shekara goma sha ɗaya ke nan da aka rufe masaƙar, aka kwance injinan aka sayar wa 'yan gwangwan. Tana da shekara goma sha tara ta shiga. Ta yi ashirin da shida a tsaye tsakanin injin saƙa takwas, tana ɗaure zaren da ya tsinke, tana ɗiga mai duk inda ƙarfe ya fara kuka. Da kunne biyu lafiya lau ta shiga, da rabin ɗaya ta fito. Na hagu ya mutu murus, na dama kuma sai an matso an ɗaga murya kamar ana faɗa.

A zauren injina ba a jin muryar kowa, don haka da leɓe ma'aikata suke hira. Daga wannan bangon zuwa wancan sukan yi gulmar mai duba aiki yana tsaye a tsakiyarsu bai sani ba. A nan ta koyi karanta baki, kuma wannan ne ya rufa mata asiri shekara da shekaru. Muddin mutum yana fuskantarta, babu kalmar da za ta wuce ta. In ya juya baya kuwa, da ita da bango ɗaya ne. Mijinta, direban motar yashi, har ya koma ga Allah yana zaton taurin kai ne yake hana ta amsawa in ya kira ta daga tsakar gida.

Bayan masaƙa ta yi wankau, ta yi gwanjo, ta yi sharar wani ofis. Sai mai gidan da take haya ya sayar da gidan. 'Yarta guda ɗaya ce, tana aure a wani gari mai nisa, ciki da falo, da miji da 'ya'ya huɗu. Ana cikin haka aka ce mata ana neman mai jinyar wata tsohuwa da ɓarin jikinta ya shanye, kuma aikin haɗe yake da ɗaki a bayan kicin. Ɗakin ne ya kai ta, ba albashin ba.

'Yar tsohuwar, wadda kowa a gidan yake kira Anti, ma'aikaciya ce mai fita da safe ta dawo da yamma. Ranar farko ta zaunar da ita a falo ta ce, "Baba, ba na neman abu da yawa. Wadda ta tafi, Hajiya ta yi ta kira ba ta ji ba, har ta yunƙura da kanta ta faɗo daga gado. In ta kira, a ji. Shi ke nan."

'Yar Masaƙa tana kallon bakinta, ta ce, "Za a ji."

'Yarta ce ta samo dabarar da ta zo ganin gida. Ta kawo mata iyafis, irin ƙananan nan marasa igiya da ake cusawa a kunne, guda biyu a cikin ɗan farin akwatinsu, ta kuma daidaita mata wani abu a waya. In aka ajiye wayar a gefen gadon Hajiya, duk motsin da aka yi a ɗakin sai ya zo kunnenta tar, ko tana kicin, ko tana bakin famfo a bayan taga. 'Yar Masaƙa ta sa na dama, ta ja ɗankwali ta rufe. In cajinsa ya ƙare, ta murɗa na hagun ta tura shi a kunnen daman, ɗankwali ya riƙe mata, wancan ya koma akwati ya sha caji. Shekara biyu a haka. Hajiya ba ta taɓa kira sau biyu ba. Har Anti takan yi alfahari da ita a gaban baƙi, wai ta samu mai kunnen kyanwa.

Na hagun ne ya fara. Wata huɗu da suka wuce ya daina ɗaukar caji. Ta leƙa cikin akwatin ta ga 'yan ƙusoshi biyu masu ruwan zinare, ƙanana kamar kan allura, waɗanda iyafis ɗin yake zama a kansu. Ta ga sun dushe, ɗaya ma kamar ya cije. Ba ta yi wani dogon tunani ba. Ta ɗauko kwalbar man keken ɗinki ta ɗiga masa ɗigo ɗaya. Bai tashi ba, ta ce kwanansa ya ƙare, ta ci gaba da lallaɓa na daman, tana ba shi caji a lokacin da Hajiya take barcin rana ita kuma tana zaune a gabanta. Makon jiya shi ma ya fara sai an danna, sai an girgiza. Ranar Lahadi ta ɗiga masa mai. Ranar Litinin ta ƙara.

Ranar Talata da safe ta buɗe akwatin, 'yar fitilar nan ba ta kawo ba. Ta sa a kunne, shiru. Ta canja soket, ta ɗauko cajar Anti ta gwada, ta hura, ta buga shi a tafin hannu, ta ɗaure murfin da roba. Babu ja, babu kore. Ta zauna a bakin katifa da abin a hannu, gumi yana bin bayanta tun rana ba ta yi zafi ba.

Ƙarfe goma mai gashin ƙashi yakan zo ya yi awa ɗaya yana motsa wa Hajiya hannu da ƙafa. Yana shigowa ta ce masa za ta je sayen sabulu. Ta ɗauke wayar ta fita da sauri.

A ƙarƙashin matakalar wani benen shaguna akwai mai gyara da ake ce wa Injiniya, dattijo mai furfura a gemu, wanda ya fara da rediyo tun ana sa mata batir shida. Teburinsa bai fi faɗin tabarmar mutum ɗaya ba, cike da gawarwakin wayoyi, ga fitila mai dogon wuya, ga gilashin ƙara girma. Ta ajiye akwatin a gabansa ta ce ya ƙi caji. Ya buɗe, ya sunkuya, gemunsa yana motsi. Magana yake yi, amma teburin yake wa.

"Malam, ɗago ka dube ni in za ka yi magana," in ji ta. "Ba na ji. Baki nake karantawa."

A shekara talatin, shi ne mutum na farko bayan 'yarta da ta faɗa wa haka. Bai nuna abin ya dame shi ba. Ya ɗago, ya kai akwatin hanci ya sansana, ya dube ta ta saman tabarau.

"Na ce, Inna, suya kika yi a ciki?"

"Man keke ne."

"Man keke. To ina tayar, ina fedar?"

"Ƙarfe ne ai. Na ga ya cije."

"Sau nawa?"

"Uku."

"Allah ya saka da alheri da ba jarka kika juye ba."

"Kai, ni na yi shekara ashirin da shida da injin da ya fi shagonka girma. Ƙarfe in ya cije mai yake nema. Tun kana wasan ƙasa na san wannan."

"Wancan ƙarfen juyawa yake yi, Inna. Wannan ba ya juyawa, wuta ce take bi ta kansa. So yake ya taɓa ɗan'uwansa tsirara, babu komai a tsakani. Dubi nan." Ya juyo da gindin iyafis ɗin ƙarƙashin gilashi, ya nuna mata ɗigo biyu da suka yi baƙi. "Dattin kunne ne da gumi, tun farko shi ne duk ciwon. Da busasshen tsumma kika sa, da ba ki zo nan ba. Yanzu kin zuba mai, mai ya kira ƙura, sun haɗu sun yi kwaɓi."

Ya jiƙa auduga da sifirit ya shiga gogewa. Audugar farko ta fito baƙa, ta biyu ruwan ƙasa. Ya ɗauki tsinken sakace ya bi gefen 'yan ƙusoshin, ya danna wadda ta nutse, ya sake dannawa, har ta yi tsalle ta dawo. Ya mayar da iyafis ɗin, ya jona caja. Fitilar ta kawo ja.

Ta kama gefen teburin da hannu biyu. Fitilar ta yi ƙifta uku, ta mutu.

Ya cire, ya sake gogewa, ya sake jonawa. Wannan karon ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ya karkata akwatin a hasken fitila, ya girgiza kai.

"Man ya gangara ciki, ƙarƙashin ƙusoshin. Sai na fasa akwatin na wanke allon, na bar shi ya bushe, na mayar na liƙe. Ki zo gobe war haka."

"Yau nake so."

"Kowa yau yake so."

"Malam, ba waƙa nake ji da shi ba." Ta gaya masa komai a tsaye, tsohuwar da gadon da ɗakin bayan kicin, da sauri da sauri, da muryar da ba ta san ƙarfinta ba, har mai sayar da gilashin waya na kusa da su ya juyo. Injiniya ya daina murmushi. Ya karɓi wayarta ya duba. Ya zaro nasa abin kunnen na bulutut daga aljihu ya gwada haɗawa, abin da 'yarta ta daidaita ya ƙi karɓa, sai irin nasa. Ya juya wayar ya nemi ramin mai igiya, babu. Ya leƙa shagon sama ya dawo hannu banza. Masu sayar da irin wannan suna can wani ɓangaren gari, awa ɗaya zuwa, awa ɗaya dawowa.

"In na jona masa wuta da ɗanyen sifirit a ciki, ƙonewa zai yi, ki rasa duka," ya ce, yana buɗe baki sosai don ta gani. "Kwana ɗaya ne. Ki manne wa tsohuwar kamar ƙaska, kada ki bar ɗakin."

Da ta koma, sha ɗaya ta wuce da kwata. Mai gashi yana tsaye a bakin ƙofa da jakarsa, yana duban agogo. Ya dubi hannunta, babu sabulu. Ya faɗi wata magana yana juyawa, ba ta kama ba.

Ta ja kujera ta zauna daf da gadon, ta kafa wa Hajiya ido. A nan ta gane abin da ba ta taɓa lura da shi ba a shekara biyu: bakin Hajiya ba ya karantuwa. Ciwon ya karkatar da shi, leɓen gefe ɗaya ne yake motsi, kowace kalma kamar 'yar'uwarta. Tsohuwar ta yi magana, ta kawo mata ruwa. Hajiya ta kau da kai. Ta gyara mata filo. Ta ture da hannunta mai lafiya. Ta kunna fanka, ta kashe fanka, ta kawo kunne har bakinta, abin da ta ji bai wuce gurnani ba. Kafin ta kai ga tunanin fo na bahaya, aikin gama ya gama. Hajiya ta runtse ido, ta juya fuska bango.

Ta goge mata jiki, ta canja mata kaya, ta shimfiɗa sabon zanin gado. Bayan azahar aka sake, domin ta sake kasa ganewa. Ledar shimfiɗa biyu ce a gidan, duka biyun sun ɓaci, ɗakin kuma ya ɗauki wari. Anti da hanci take fara shiga ɗakin uwarta. Babu yadda za ta yi sai ta wanke.

Ta buɗe tagar har ƙarshe, ta ɗaga ƙarfen gefen gado, ta kwashi kayan ta zagaya bakin famfo. Ta tsara wa kanta: cuɗa goma, ta miƙe ta leƙa. Cuɗa goma, ta leƙa. Sau huɗu Hajiya tana kwance yadda ta bar ta. Sai ta kai ga wani tabo da ya ƙi fita, ta duƙufa a kansa, goma ta zama talatin.

Inuwa ta gani a kan ruwan baho. Ta waiwaya. Anti ce tsaye a ƙofar baya da jaka a kafaɗa, ƙarfe huɗu bai yi ba. Mai gashi ya kira ta a waya.

"Sau uku na kira ki," in ji Anti. "Ina nan tsaye. Hajiya kuma tun daga bakin get nake jin tana buga kofi a ƙarfen gado."

"Ƙarar famfo ce, Anti."

Famfon a kashe yake. Su biyun suka dube shi.

Anti ta shiga wajen uwarta, ta ba ta abin da take nema, ta fito. Ta tsaya a gaban 'Yar Masaƙa, taku biyu tsakaninsu, ta ɗaga jakarta ta kare bakinta da ita. Idanunta suna kallonta, haɓarta tana motsi a ƙarƙashin jakar. Ta sauke.

"Me na ce?"

'Yar Masaƙa ta tsaya da kumfa har gwiwar hannu. Ta yi tunanin ta ce an tambayi ina ta je da safe, ko a dace. Sai ta ga babu amfani. Ta ture ɗankwalin ta nuna kunnen, ta ba da labarin tun daga masaƙa har teburin Injiniya. Ba ta yi kuka ba, amma ta durƙusa a jiƙaƙƙen siminti, ita da ta haifi kamar Anti.

"Gobe zai dawo. Ya ce datti ne kawai, ni na ɓata shi da mai. Shekara biyu, Anti, ta taɓa kira ban zo ba?"

"Tashi, Baba, don Allah. Ba na son wannan."

"Ki ce min ta taɓa?"

"Ba ta taɓa ba. Amma ashe shekara biyu ran uwata a kan batir yake rataye ban sani ba. Ina ofis hankalina kwance. Da yau ta sake faɗowa fa?"

"Na ɗaga ƙarfen gadon."

"Jibi in ya sake mutuwa? In ya faɗa baho? In wayar ta lalace?"

"Zan sayi na biyu in ajiye."

"Da kin gaya min tun farko, da wataƙila ni zan saya miki. Yanzu ko me kika ce min sai na yi tunanin me kuma ban sani ba." Anti ta murza goshi. Ba ta ɗaga murya ba, gajiya ce kawai a fuskarta. "Zan nemo wata. Ki zauna zuwa Asabar. Ba zan gaya wa kowa dalili ba."

"Ɗakin fa?"

"Wadda za ta zo a nan za ta kwana."

Daga cikin taga Hajiya ta yi magana. 'Yar Masaƙa ta ga Anti ta juya tana saurare, sai ta ɗan sa rai.

"Me ta ce?"

"Wai a rufe taga, sauro."

Washegari Anti ba ta je aiki ba, ita ta zauna da uwarta. 'Yar Masaƙa ta isa wurin Injiniya goma saura. Yana hango ta ya ɗaga akwatin sama, fitilar tana ci kore.

"Ga mara lafiyarki, Inna, an sallame shi. Har na hagun da kika yi wa jana'iza wata huɗu ya tashi. Lafiyarsa ƙalau, datti ne ya toshe shi." Ya naɗe mata 'yar auduga a takarda. "Duk Juma'a busasshen tsumma. In ya yi kauri, ɗigon sifirit, ki bari ya bushe. Man keke kuma ki kai wa tela. Yaya tsohuwar?"

"Tana nan."

"Kin ga, kwana ɗaya bai kashe kowa ba."

Ta sallame shi ta tafi. Ba ta ga dalilin ɓata masa murnarsa ba.

Kwana ukun da suka rage ta yi aikinta kamar kullum, kunne tar, ko tarin Hajiya bai wuce ta ba. Anti ta gani, ba ta canja magana ba. Ranar Asabar da hantsi sabuwar ta zo, wata mace mai jiki da takardar shaida a leda. 'Yar Masaƙa ta nuna mata yadda ake juya Hajiya ba a taɓa kafaɗar da ke ciwo ba, da cokalin da take yarda da shi, da inda ake shanya leda. Matar tana ta cewa ta sani.

Kayanta jaka biyu ne da bokiti. Ta fito da su bakin titi, ta zauna a kan babbar a inuwar katanga. Sai a lokacin ta kira 'yarta, domin duk kwanakin nan ta kasa.

"Inna, lafiya? Abin kunnen yana aiki?"

"Yana aiki. Aikin ne babu."

Ta faɗa mata a gajarce. 'Yar ta ce, "Tsaya, Inna, ina zuwa." Ta ji an ajiye wayar a kan wani abu mai tauri, an taka zuwa gefe. 'Yarta ta saba uwarta ba ta jin abin da aka faɗa nesa da waya. Amma Injiniya ya wanke har ragar bakin iyafis ɗin. Ta ji kukan ƙaramin jikanta, ta ji ƙarar cokali, ta ji raɗar 'yarta, ta kuma ji surukinta sarai, ba da faɗa ba, a hankali kamar mai lissafin tabarmi: "To a ina za mu sa ta? Ke faɗa min. A ina?"

Aka ɗauki wayar. "Inna, ki taho kawai. Ya ce ki taho, yana murna."

"A'a, ba yanzu ba," in ji 'Yar Masaƙa. "Akwai wani gida da aka yi min maganarsa. Zan fara dubawa."

"Wane gida?"

"Ba ki san su ba. Gaishe min da shi."

Ta kashe wayar. Babu wani gida. Wani mai a-daidaita-sahu ya rage gudu, ya leƙo ya ce, "Mama, ina zuwa?" Ta ji shi tun kafin ta ga bakinsa. Ta ɗaga masa hannu alamar ya wuce, ta jawo bokitin kusa da ƙafarta, domin inuwar ta fara janyewa.